Ina sikila ke ɓuya a watannin farko na jariri?

Ƙanwata tana da sikila, amma sai da ta kusa wata shida kafin hannayenta da ƙafafunta suka fara kumbura. Na daɗe ina tambayar kaina: in ciwon gado ne, ina ya ɓuya duk watannin nan? Ashe amsar tana cikin yadda jiki ke naɗe DNA.

DNA ɗin ƙwayar halitta ɗaya tak, in ka miƙe shi, ya kai kusan mita 2, alhali ɗakin da yake ciki ido ma ba ya ganinsa. To yaya aka yi ya shiga? Naɗe shi ake yi a jikin wasu sunadarai da ake kira histon. Guda 8 sukan haɗu su yi dunƙule, zaren ya zagaye su kusan sau biyu, tsawon haruffa 147. Wannan ƙullin shi ne niyukiliyosom. In ka ga hotonsu a jere, wallahi kamar carbi. Roger Kornberg ne ya bayyana tsarin a 1974.

Amma fa ba ajiya kaɗai ba ce. Inda ƙullayen suka matse, jiki ba ya iya karanta umarnin da ke wajen. Inda suka sassauta, sai ya karanta. Shi ya sa ƙwayar hanta da ta ƙwaƙwalwa DNA ɗinsu ɗaya, aikinsu daban.

Mu koma kan ƙanwata. Jariri a ciki yana amfani da himogulobin F, wanda ba ya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini. Bayan haihuwa, wani sinadari, BCL11A, sai ya zauna kusa da umarnin yin F ɗin, ya jawo gungun sunadaran da ke gyara zaman niyukiliyosom, a rufe wajen. Daga nan himogulobin S ya karɓi fili, ciwo ya tashi. Ku lura, ba goge umarnin aka yi ba. Yana nan, rufe shi kawai aka yi.

Wannan ƙofar masana ke ƙoƙarin buɗewa. Maganin hydroxyurea yana ƙara yawan F a jini. A Nuwamban 2023 kuma Birtaniya ta amince da Casgevy, wanda ke rage BCL11A a ƙwayoyin da ke samar da jini. A 2023 an sa farashinsa a Amurka kan dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila. Mu a gidanmu, har yau karo-karo muke yi mu sayi hydroxyurea na wata.