Jawabi Kan Ciniki Ba Kuɗin Fito A Afirka Ta Yamma



Ran 28 ga watan Mayu 1975 ne ƙasashe 15 suka sa hannu a Ikko kan yarjejeniyar da ta haifi ƙungiyar ECOWAS, bayan ɗawainiyar Janar Yakubu Gowon da Janar Eyadema na Togo. Nufinta shi ne kayan da aka noma, ko aka kiwata, ko aka ƙera a wata ƙasa ta ƙungiyar su shiga sauran ba tare da biyan kuɗin fito ba. A 1979 kuma aka yarda ɗan kowace ƙasa ya shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza.

Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne, don tun kafin Turawa su ja iyakoki fatake ke kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja neman goro. Amfaninsa kuwa a fili yake. Shanun Nijar da wakenta da albasar Galmi sun ciyar da kasuwannin Kudu, 'yan ƙwadago da dillalai da direbobi suka sami abin sawa a bakin salati. Wanda ya tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, mutane suka baro gidaje da rumfuna, ya san darajar takardar da ke ba baƙo izinin shiga. Ko da yake, a faɗi gaskiya, takardar ba ta hana Nijeriya yin irin wannan kora a 1983 ba.

Amma ƙofar da aka buɗe domin kayan gida, kayan waje ne suka fi cin moriyarta. Shinkafar Tailan da ta Indiya, da atamfar Sin, sai a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano inda fito ke da sauƙi, sa'an nan 'yan fasa-ƙwauri su shigo da su ta Seme ko ta daji. Yarjejeniyar ba ta halatta wannan ba, amma a inuwarta aka yi shi. Masaƙun Kaduna sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Rashin wutar lantarki na da nasa laifin, sai dai atamfa mai araha ce ta ƙarasa su.

To, da gwamnati ta fusata, kan wa sanda ke sauka? An rufe iyakoki daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Babban attajiri ya san hanyar da zai bi. Mai buhu goma na albasa ne ke zaune a bakin iyaka har kayansa su ruɓe, shi da ko a lokacin da hanya ke buɗe sai ya ba da na goro a kowane shinge.

Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 an sake rufe iyakar Arewa wata da watanni. Ran 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar, watau ƙasashen da suka fi aiko wa gaɓar teku da dabbobi. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar kayansu da fasfo ɗinsu kamar dā, har sai an sake shawara.