Aikin da Muka Rubuta da Aikin da Ya Isa Jami'a



Da yawa daga cikinmu mun fito kwalejin ilimi da shaidar NCE, ga shi yanzu mun koma jami'a muna neman digiri a lokacin hutu ko a ƙarshen mako, saboda ƙarin girmanmu ya rataya a kansa. A can muka tarar da wata matsala da ba a taɓa faɗa mana ita ba: takardar da muka tsara a na'urarmu ba lallai ta isa gaban malami da kamanninta ba.

A zangon da ya wuce an ba mu aikin haɗin gwiwa, mu biyar. Biyu suka rubuta nasu a waya da WPS Office, ɗaya a Google Docs, mu biyun da muka rage muka kai namu shagon buga takardu mai tsohuwar Word. Da aka haɗa, jadawalin makin yara ya wargaje, lambobin shafi suka rikice, haruffan ƙ da ɗ da ɓ da ke cikin misalanmu na Hausa suka koma 'yan akwatuna. Shafin jami'ar kuma ya ƙi karɓar fayil daga waya, sai da muka biya kuɗin mota muka shiga gari. An rage mana maki a kan rashin tsari, alhali tsarin a hanya ya lalace.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kowace manhaja da irin yadda take adana rubutu. Docx na Microsoft ne, ya zo da Office na 2007. ODT buɗaɗɗen tsari ne da hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2006, shi ne LibreOffice ke amfani da shi, kuma gwamnatin Birtaniya ta zaɓe shi a 2014 domin takardun da ake aiki a kansu tare. Manhajojin suna buɗe fayilolin juna, amma kamar tafinta suke yi: ma'ana ta wuce, ado ya zube a hanya. PDF ne kaɗai ke riƙe shafi yadda aka bar shi, sai dai gyara a cikinsa wahala ne, don haka bai dace da aikin da ba a kammala ba.

Batun haruffa masu lanƙwasa ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Duk suna da gurbinsu a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa. Amma wasu shaguna har yau suna amfani da tsofaffin zanen haruffa da ke ɗora ƙ a kan wata alama dabam. Da an buɗe a kwamfutar da ba ta da zanen, sai asiri ya tonu. Mu da muke koya wa yara bambancin kafa da ƙafa, bai kamata kundinmu ya rasa shi ba.

A ɓangarenmu, kafin a fara aikin rukuni a zauna a tsayar da manhaja ɗaya. A sa madannan Hausa a waya, Gboard na da su. Idan an gama, a mayar da aikin PDF, a buɗe shi a wata na'urar a duba kafin a tura.

Saura kuwa ba a hannunmu yake ba. Muna roƙon reshe ya rubuta wa jami'o'in da mambobinmu ke karatu, su bayyana tun farkon zango irin fayil ɗin da suke karɓa, su amince da PDF da ODT tare da docx, su kuma gwada shafukansu a ƙaramar wayar Android, domin ita ce kwamfutar yawancinmu. Wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya ba sakatare bayani a rubuce kafin taro na gaba, a haɗa da wasiƙar.