Gadon Adar: Bukukuwanmu, Gine-ginenmu da Baƙin da Muke Jira

Laccar da aka gabatar a Tebaram, a zaman masana na bikin cika shekara ɗari na gidan sarauta

 

 

Gabatarwa

Kwamitin shirya wannan biki ya ɗora mini nauyin yin magana a kan bukukuwan birnin Tawa da ƙasar Adar, da tsofaffin gine-ginenmu, da abin da zai sa baƙo ya ɗauro niyya ya zo ya gan mu. Maganar da zan yi guda ɗaya ce, sauran duk bayaninta ne: baƙo ba ya girmama abin da mai gida ya wulaƙanta. Idan muna son a zo ganin gadonmu, sai gadon ya kasance a tsaye, ana amfani da shi, ana gyara shi kowace shekara. Gidan da ya cika shekara ɗari yana riƙon jama'a shi ya fi cancanta a kawo wa wannan magana.

Ƙasar da muka gada

Adar ƙasa ce ta duwatsu da fadamu, mahaɗar manomi da makiyayi. A shekarar 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya karɓe ta da yaƙi daga hannun Kabawa, kuma daga zuriyarsa aka sami sarautar Sarkin Adar, wadda daga baya ta zauna a Illela. Kafin zuwansa Azna suna nan da gonakinsu da tsafinsu. Bayansa kuma Abzinawa da Fulani da malamai da fatake suka ci gaba da shigowa, kowa da harshensa da sana'arsa. Wanda yake son wannan tarihi filla-filla, sai ya nemi littafin da Farfesa Djibo Hamani ya wallafa a 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa. Sunan wannan malami ne jami'ar Tawa take ɗauke da shi.

Shi kansa birnin Tawa ya tashi ne daga tsofaffin garuruwa biyu, Bilbis da Fakuwa, waɗanda suka zama unguwanni a cikinsa. A farkon ƙarni na 20 Faransawa suka kafa bariki a nan, domin garin yana kan hanyarsu daga bakin kogin Kwara zuwa Damagaram. A ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa kwaltar da ta bi ta Tawa zuwa Agadas da Arlit. Saboda haka karɓar baƙo tsohuwar sana'a ce a wurinmu. Duk wanda ya shiga kasuwar Tawa ranar Lahadi zai ga shanun Azawak da raƙuma, cuku da gishiri daga arewa, albasa da hatsi daga kudu, zai kuma ji Hausa da Tamajak da Fillanci da Larabci a rumfa ɗaya. Mu mutanen arewacin Adar, da muke bakin iyakar gona da makiyaya, mun fi kowa sanin cewa wannan cuɗanya ita ce dukiyarmu.

Bukukuwa

Babban wasan da ya haɗa kan ƴan Nijar shi ne kokowa, kuma a Tawa aka buɗe gasarta ta ƙasa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché. Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko. Tun daga lokacin gasar take zagaya jihohi, ana kallonta a talabijin, ana saurarenta a rediyo har a Najeriya. To amma mu tuna inda kokowar ta fito. Ta fito ne daga dandalin ƙauye bayan kaka, inda samarin gari suke karɓar samarin wani gari, a ba su masauki da tuwo, a yi wasa a rabu da zumunci. Idan wannan dandali ya mutu, babban filin birni zai rasa inda zai samo ƴan kokowa.

Haka kuma a 1987 aka ƙirƙiro gasar kiɗa da waƙa mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin da Tawa take alfahari da shi, kuma mawaƙan zamani da dama na ƙasar nan ta wannan ƙofa suka fito. A ranar 18 ga Disamba 2017 Tawa ta karɓi bikin zagayowar ranar Jamhuriya, a ƙarƙashin shirin da aka kira Tahoua Sakola, wanda ya bar wa birnin tituna da gine-ginen hukuma. Waɗannan duka na gwamnati ne, ita take sa musu rana, ita take kashe musu kuɗi.

Akwai kuma waɗanda suke hannunmu: hawan salla da gaisuwar fada, kokowar kaka da dambe, kiɗan tende da tseren raƙuma na ƴan uwanmu Abzinawa, sharon Fulani, kiɗan maƙera da na mahauta da na manoma. Ba a taɓa jiran kasafin kuɗi kafin a yi su ba. Abin da yake cin su a yau shi ne tafiyar samari, da tsadar doki, da mutuwar tsofaffin makaɗa ba tare da magaji ba. Makaɗin fada ɗaya idan ya rasu, kirarin sarakuna da jerin sunayensu da labarin yaƙe-yaƙe da yunwa da ƙaura duk suna iya bin sa kabari.

Gine-gine

A nan nake so in ɗan daɗe, domin a nan ne hasara ta fi sauri. Biki idan an fasa shi bana ana iya yin sa baɗi, amma soron da aka rushe ya tafi ke nan.

A jiharmu akwai wani ƙauye mai suna Yama, kusa da Badagishiri. A 1962 mutanen garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga wani maginin garinsu, Falke Barmu. Kowa ya kawo abin da yake iyawa: wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka saro itace. A 1975 aka sake rufin, maginin ya ɗora shi a kan bakan gizo, ya tayar da ƙubba a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta. A 1986 wannan masallaci na laka ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda take cikin manyan lambobin fasahar gini na duniya. Hotonsa ya shiga littattafan da ake koyar da masu zanen gini a ƙasashen waje. Ina tambayar samarin da suke wannan zaure: mutum nawa ne a cikinku suka taɓa zuwa Yama?

Misali na biyu yana Dandaji. Da jama'ar garin suka bukaci sabon masallaci mai faɗi, sai aka bar tsohon na laka a tsaye, aka gyara shi tare da magina na gargajiya, aka mayar da shi ɗakin karatu. A gefensa aka gina sabon da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji. Ƴar ƙasarmu Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ne suka tsara aikin, aka kammala shi a 2018. Darasin Dandaji a fili yake: ana iya samun sabo ba tare da an kashe tsoho ba.

Yanzu mu dubi abin da sakaci da ruwan sama suke yi. A watan Agusta 2023 wani sashe na rufin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani na shekarun 1830, ya rufta a kan masallata, aka yi hasarar rayuka. A watan Satumba 2024 ruwa mai yawa ya rushe tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Idan haka ta sami gine-ginen da duniya ta san da zamansu, ina ga zauren mai gari da masallacin unguwa da ba wanda ya taɓa rubuta sunansu?

Ginin laka yana da ƙa'idarsa, kuma maginanmu sun san ta. Yana son yaɓe kafin damina, yana son a share indararo, a toshe tsaga tun tana ƙarama, a duba azara saboda gara, a hana ruwa kwanciya a gindin bango. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kuskuren da ya yaɗu a yanzu shi ne shafe bangon laka da siminti da sunan ƙarfafa shi. Siminti ba ya kama laka, kuma yana tsare danshi a ciki, sai bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da fatar simintin za ta ɓantare da abin da yake bayanta. Ɗakin laka kuwa, kowa ya sani, ya fi ɗakin kwano sanyi a bazara, ya fi shi ɗumi a lokacin ɗari. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari suna fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu a gayya, har ranar yaɓen ta zama biki mai jawo baƙi.

Kada kuma mu raina abin da muka saba gani. Manyan rumbunan laka na Adar, waɗanda muke kira ruhewa, da zankwayen soraye, da zanen ƙofar zaure, da tsofaffin rijiyoyi, su ne abin da baƙo yake tsayawa ya ɗauki hotonsu, mu kuwa muna wucewa.

Wane baƙo muke jira?

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Turawa masu yawon buɗe ido da suke ratsa Tawa a kan hanyarsu ta Agadas sun ragu ƙwarai tun tawayen 2007 da sace-sacen baƙi na 2010. Ko shigar tsohon birnin Agadas cikin jerin kayan tarihi na duniya na UNESCO a 2013 bai dawo da su yadda ake fata ba. Arewacin jiharmu ya ɗanɗana rashin tsaro, kuma ba mu manta da mutum 137 da aka kashe a ƙauyukan yankin Tiliya a watan Maris 2021 ba. Allah ya jiƙansu, ya ba mu zaman lafiya. Wanda ya ce mu zauna jiran baƙon Turai, ya ce mu zauna jiran abin da ba ya hannunmu.

Akwai baƙi na kusa. Na farko su ne ƴaƴanmu da suka tafi bida Abijan da Libiya da Kamaru da Najeriya, da jikokinmu da aka haifa can, waɗanda suka san Adar a bakin iyayensu kawai. Na biyu su ne ƴan uwanmu na Ƙonni da Sakkwato da Maraɗi, masu sha'awar kokowa da doki da kasuwa. Na uku su ne ɗalibai da ma'aikatan da aiki ya kawo Tawa daga sauran jihohi. Waɗannan ba sa bukatar tafinta, kuma kuɗin da za su kashe a hannun mai cuku da mai kilishi da baduku da maƙeri zai tsaya.

Ga ƴan bida ina da roƙo na musamman. Guminku ya gina masallatai da makarantu, ya ciyar da gidaje a shekarun fari, Allah ya saka muku da alheri. Amma sau da yawa kuɗin da aka aiko don gyara shi ne yake rushe zauren kaka. Ku gina sabo a gefe, ku bar wa ƴaƴanku abin da za ku nuna musu ranar da kuka kawo su gida.

Shawarwari

Ranka ya daɗe, ina miƙa wa fada shawarwari biyar.

Na ɗaya, a umarci kowane mai gari ya kawo jerin tsofaffin gine-ginen garinsa, da sunan wanda ya gina da zamanin da aka gina, a nemi ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani su auna su, su ɗauki hotunansu.

Na biyu, a tsayar da ranar gayyar yaɓe kowace shekara kafin faɗuwar ruwa, a ƙarƙashin jagorancin magina, a fara da fada da masallacin Juma'a.

Na uku, kada a rushe wani gini da yake cikin jerin sai an sanar da fada an nemi shawarar magina.

Na huɗu, a sa wa kokowar kaka da tseren raƙuma lokaci sananne da ba ya sauyawa, a yi shelarsa a gidajen rediyo da wayoyin hannu, domin na nesa ya shirya tafiyarsa.

Na biyar, a naɗi muryar tsofaffin makaɗa da maroƙa da masu tarihi tun suna raye, a ajiye kwafi a fada, a ajiye wani a jami'a.

Ban da waɗannan, baƙo yana bukatar ruwa mai tsabta da masauki da gari marar tarin leda. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma idan an haɗa biyun ya fi.

Kammalawa

Waɗanda suka riƙe wannan gida shekara ɗari sun ga mulkin Faransa, sun ga ƴancin kai a 1960, sun ga farin 1973 da na 1984, ba su bar gidan ya faɗi ba. Wata rana jikokinmu za su taru kamar yadda muka taru, su buɗe wannan ɗan littafi, su duba ko soron da yake cikin hoton yana nan. Amsar tana hannun waɗanda suke zaune a wannan zaure.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Allah ya ƙara wa Mai martaba lafiya da nisan kwana, ya ba shi ikon riƙon talakawansa da adalci. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Adar da Nijar lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.