Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Injiniyancin Noma



Mai Martaba Sarki, Allah Ya ja zamaninka. Shugaban wannan kwaleji da malamai, iyaye maza da mata, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, ina taya mu murna baki ɗaya.

An saba cewa rashin kuɗi ne ya hana yankinmu ci gaba. Ni a ganina kuɗi sun shigo, inda aka zuba su ne matsalar.

Ku tuna aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi, a yankin Marte ta Jihar Borno. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, aka tsara shayar da hekta kusan 67,000 da ruwan tafkin. An haƙa manyan magudanai, an girke injunan tura ruwa, an kai manoma. Sai fari ya zo. Tafkin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye, ya bar bakin magudanar a kan busasshiyar ƙasa. Masunta da makiyayan wurin sun daɗe da sanin halin tafkin nan na cika da janyewa, kuma da an saurare su da tsarin ya sha bamban.

Bayan haka, a farkon shekarun 1990 shirin Fadama ya yaɗa 'yar rijiyar burtsatse da ƙaramin injin ban-ruwa. Yau ku shiga kowace fadama da rani, za ku ji ƙarar injin nan cikin albasa da tumatir. In ya lalace, makanikin ƙauye zai kwance shi a kan buhu ya gyara kafin azahar. Da kuɗi kaɗan aka yi wannan, ga shi har yanzu yana ciyar da gidaje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bincike. A 2022 kaɗai Najeriya ta kashe sama da naira tiriliyan 4 kan tallafin fetur, alhali ɗakunan gwaje-gwajen makarantunmu na fama da rashin wuta da kayan aiki. Duk da haka masanan Samaru, a Zariya, sun fitar da irin wake mai jure tsutsa, SAMPEA 20-T, a 2019. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In sun yi wannan cikin ƙunci, me za su yi da an wadata su?

'Ya'yana, wasunku za su zauna a teburin da ake raba kasafi. Ranar da aka kawo muku takardar babban aiki, kada ku sa hannu sai kun taka ƙafa wurin, kun tambayi mutanensa, kun san wanda zai gyara injin bayan ɗan kwangila ya tafi, da inda kuɗin gyaran zai fito.

 Allah Ya sa albarka a karatun nan, Ya mayar da kowa gida lafiya.