Baran da Ya Zama Ma'aikaci, Maƙeri da Manomi



Bajamushe in zai biya haraji, Finanzamt yake zuwa, domin Amt a bakinsa ofishin hukuma ne ko muƙami. Mutumin Holan in ya ce ambacht, sana'ar hannu yake nufi, irin su ƙira da sassaƙa. A ƙasar Wales kuwa, amaeth noma ne. Wa zai ce waɗannan kalmomi uwa ɗaya uba ɗaya suke? To, haka abin yake.

Kakarsu ita ce ambaktos, kalmar Golawa, wato Keltawan da suka zauna inda Faransa take a yau. Yuliyas Kaisar, wanda ya yaƙe su daga shekarar 58 zuwa 50 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ambace ta a kashi na 6 na littafinsa kan wannan yaƙi. Ya bayyana cewa girman basaraken Gol a yawan mutanen da ke kewaye da shi ake gane shi, ya kuma kira mutanen da sunan da Golawa ke kiransu. Kalmar gaɓa biyu ce: ambi, kewaye, da tushen da ke nufin kora ko aikawa. Ambaktos ke nan shi ne wanda ake aika nan da can, baran babban mutum.

Kakannin Jamusawa aro suka yi, kuma tun da wuri, don tana cikin fassarar Baibul da Wulfila ya yi zuwa harshen Gotawa a ƙarni na 4, inda andbahts ke nufin mai hidima. A ganina wannan aro shaida ce babba. Mutane sukan ari suna ne tare da abin da aka raɗa wa sunan, saboda haka tsarin basarake da barorinsa a wurin Keltawa maƙwabtansu suka gani. Tare da ita aka aro kalmar sarauta wadda ta haifi Reich na Jamusawa da rijk na Holan. Da tafiya ta yi tafiya, Jamusawa suka tauna kalmar, daga ambahti har ta koma Amt, ma'anar ta tashi daga hidimar mutum ta koma hidimar hukuma. Holan ta raba ta biyu, ambt na muƙami, ambacht na sana'a.

Reshen Wales ne ya fi taɓa mini zuciya, domin su ba aro suka yi ba, gado suka ci, kasancewar harshensu na Keltawa ne. A tsoffin dokokinsu da ake jingina wa Sarki Hywel Dda na ƙarni na 10, amaeth shi ne mai riƙe garma. Talaka ɗaya ba shi da shanu takwas na jan garma, sai maƙwabta su haɗa hannu: wannan ya kawo sa, wancan ya kawo ƙarfen garma, wani ya shige gaba yana tafiya da baya yana yi wa shanun kira. Doka ta raba aikin gonaki 12, ta ce ta farko ta mai riƙe garma ce. Dubi inda bara ya kai! Har sautin ma bai ɓata hanya ba: mb ya zama m, akt ya zama aeth, daidai yadda kalmar Latin ta madara ta zama llaeth a bakinsu.

Akwai reshe na huɗu. A Latin na tsakiyar zamani an sami ambactia, wato aike. Ta bi ta kudancin Faransa da Italiya, ta shiga Faransanci da Ingilishi, daga can muka karɓe ta. Duk lokacin da rediyo ya ce ambasada ya miƙa takardun kama aiki a Abuja ko Yamai, ɗan aiken Golawa ne ake ambata, kusa da namu jakada.