Kamfanin da Ke Ƙara Rabon Riba Duk Shekara: Yadda Ake Gane Shi



Da yawa daga cikinmu ba su manta da 2008 ba. Bayan Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, sai tallar hannun jari ta cika gari. Malamin makaranta ya saya, ɗan fansho ya saya, wasu har da rance. Farashi ya kai ƙololuwa a watan Maris na 2008, sannan ya rikito, aka bar mutane da takardun shaida a ƙasan adaka. Abin yana mini ciwo har yau, domin yawancinsu ba wanda ya koya musu su tambayi nawa kamfanin ke rabawa, kuma daga ina kuɗin ke fitowa.

Mai sayen saniyar tatsa ba ya kwana yana lissafin farashinta a kara. Nononta yake dubawa, da lafiyarta. Haka mai zuba jari na dogon zango. A Amurka akwai rukunin kamfanonin da suka shekara 25 ko fiye suna ƙara rabon riba ba fashi. Coca-Cola ya haura shekara 60 a haka. Kamfanin Warren Buffett ya sayi hannun jarin Coca-Cola na dala biliyan 1.3, a 1994 ya karɓi rabon dala miliyan 75, a 2022 kuwa miliyan 704, ba tare da ya ƙara ko sisi ba.

To amma suna kaɗai ba ya tsare kowa. General Electric, duk da girmansa, ya zabtare rabonsa zuwa santi ɗaya a kan kowane hannun jari a 2018. Saboda haka ku buɗe rahoton shekara da kanku. Idan kamfani ya ci ribar naira goma a kan kowane hannun jari ya raba tara, me ya rage na gyaran inji da faɗaɗa aiki? Ranar da ciniki ya ja baya, rabon ne zai fara tafiya. Ku kuma duba ko tsabar kuɗi na shigowa, don akwai ribar da a takarda kawai take, kaya sun fita bashi. Rabon da ya yi tsoka fiye da kima kuwa, sau da yawa farashin ne ya faɗi saboda masu ido sun hango matsala.

A nan gida akwai abin da ya fi waɗannan haɗari, wato bashin dala. Da aka saki naira a watan Yuni na 2023, MTN Nigeria, mai miliyoyin masu hulɗa, ya rufe shekarar da asarar kusan naira biliyan 137, rabon riba ya tsaya. Nestlé Nigeria ma asara ya tafka. Mutane ba su daina kira ko sayen Maggi ba. Bashin da ake biya da dala ne ya kumbura. Rabon Dangote Cement kuwa ya tashi daga naira 16 a 2020 zuwa 30 a 2023. Ko wannan sai an auna shi da tsadar rayuwa, tunda hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Rabon da bai kamo farashin buhun shinkafa ba, ja da baya yake yi ko da lambarsa ta ƙaru.

Na san akwai masu tambayar halacci, kuma tambaya ce a muhallinta. Kasuwar hannayen jari ta Najeriya tana da jerin Lotus Islamic Index, wanda ke tace kamfanonin giya da caca da bankunan ruwa. Ku fara daga can, ku rarraba kuɗinku tsakanin sana'o'i daban-daban. Masu tsofaffin takardu kuma, naku ko na gado, ku je wurin dillalinku ku cike fom ɗin biyan riba ta asusun banki, don akwai maƙudan kuɗin da masu su ba su karɓa ba.