Darussan Da Muka Ɗebo Daga Taron Masu Tsara Manhajojin Intanet

Jawabin da wakilin kwamitin 'yan kasuwa ya gabatar a babban taron ƙungiya, Sabo, Ibadan

 



Kamar yadda kowa ya sani, ƙungiya ta yanke shawarar a gina mata manhaja a intanet, wadda za a riƙa rajistar membobi da ita, a biya kuɗin wata-wata da na asusun jana'iza da na taimakon marayu. Kuɗin aikin ba kaɗan ba ne, kuma gumin jama'a ne. Saboda haka aka tura mu, mu 'yan kwamiti tare da matasanmu da suka karanci kwamfuta, mu halarci wani taro na masu wannan sana'a a Legas, mu saurara, mu dawo da bayani kafin a sa hannu a takarda. To ga abin da muka ji, ga kuma yadda muka fahimce shi da hankalinmu na 'yan kasuwa.

Da farko dai, taron na masu kula ne da yadda mutum yake ji sa'ad da yake aiki da manhaja, wato ya gane ta ko ta rikita shi, ya biya buƙatarsa ko ya jefar da waya cikin fushi. Wani malami ɗan Amurka mai suna Don Norman shi ya yayata wannan fanni. Ya wallafa littafi a 1988 a kan kayan amfanin yau da kullum, daga baya ya yi aiki a kamfanin Apple daga 1993. Misalin da aka fi saninsa da shi shi ne ƙofa. Akwai ƙofar da za ka ga mariƙi a jikinta ka ja, ashe turawa ake yi. A ganinsa, in mutane da yawa suna kuskure a ƙofa guda, to laifin na wanda ya yi ƙofar ne. Jama'a, mu riƙe wannan. Sau nawa dattijo ya kasa tura kuɗi da waya ya ce ai shi ne ba ya da boko? Sau tari ƙofar ce ba a yi ta daidai ba.

Darasi na farko: a san wanda ake gina wa

Masu jawabi sun yi ta nanata cewa mai gina manhaja ba shi ne zai yi aiki da ita ba. Shi yana zaune a ofis da babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi. Mai amfani kuwa yana tsaye a Bodija ko Akinyele, rana na dukan allon wayarsa, hannu ɗaya na riƙe da igiyar sa, mai saye na jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganin da suka kawo mai arha ne. Wani masani, Jakob Nielsen, ya rubuta a shekarar 2000 cewa idan ka zaunar da mutum 5 kacal suka gwada manhaja kana kallo, za ka gano wajen kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke wahalar da masu amfani. Sharaɗin shi ne ka ba mutum aiki, alal misali ka ce ya biya kuɗin wata, sa'an nan ka kama bakinka. Kada ka nuna masa inda zai danna. Inda duk ya tsaya yana waige-waige, nan gyara yake. Ai mu ma ba ma sayen huhun goro sai mun buɗe ganye mun duba.

Darasi na biyu: kada a tare baƙo a bakin ƙofa

An ba mu labarin gwamnatin Amurka, wadda ta buɗe shafin intanet na inshorar lafiya ranar 1 ga Oktoba, 2013, bayan an kashe maƙudan kuɗi. A ranar farko mutum 6 ne kawai suka samu kammala rajista a duk faɗin ƙasar. Daga cikin dalilan akwai cewa an tsara shi ne sai mutum ya buɗe asusu ya cika bayanansa kafin ya ga abin da ake sayarwa da farashinsa, sai jama'a suka yi cincirindo a ƙofa guda, shafin ya cije.

Wannan darasi iyayenmu sun riga masu kwamfuta saninsa. Tun da aka kafa Sabo a 1916, baƙon da ya sauko daga Arewa da shanu, ko ya zo sarin goro, gidan maigida yake sauka. A ba shi ruwa, a ba shi masauki, a haɗa shi da dillali, sa'an nan a yi zancen la'ada. Ba a tare shi a zaure da tambayoyi ashirin. Haka ya kamata manhajarmu ta kasance. Mai son ya ga sanarwa ko ranar taro ya gani ba tare da rajista ba. Mai rajista kuma a tambaye shi abin da ya zama dole kawai.

Darasi na uku: ɗan Adam ajizi ne, a tsara da sanin haka

Wannan labari shi ya fi girgiza mu. A watan Agusta na 2020, bankin Citibank na Amurka ya tashi biyan kuɗin ruwa wajen dala miliyan 8 ga waɗanda ke bin kamfanin Revlon bashi. Sai ya tura musu kusan dala miliyan 900 daga aljihunsa. A manhajar da suke aiki da ita akwai gurabe uku da ya kamata a cika don uwar kuɗin ta tsaya a cikin banki, suka cika guda ɗaya suna zaton ya wadatar. Ma'aikata uku suka duba, duka ukun suka amince. Wasu sun mayar da kuɗin, wasu suka riƙe wajen dala miliyan 500, aka yi ta shari'a har 2022 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta ba bankin gaskiya.

To in ƙwararrun banki sun faɗa wannan rami, ina ga Hajiya mai tuwo da ke tura kuɗi da dare bayan ta gaji? Sifiri ɗaya ne tsakanin dubu 5 da dubu 50. Don haka dole ne manhaja ta nuna wa mutum sunan wanda zai karɓa da adadin kuɗin da manyan haruffa, ta tambaye shi ko ya tabbata, kafin kuɗi su fita. Madannin fasawa kada ya manne da na amincewa. In kuma an yi kuskure, ta faɗi abin da ya faru da magana mai ma'ana, ta nuna hanyar gyara. Rigakafi ya fi magani.

Darasi na huɗu: a gina wa ƙaramar waya da raunin sabis

Kamfanin Google ya fitar da bincike a 2016 cewa fiye da rabin masu buɗe shafi a waya suna barinsa in ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Shafi mai nauyin hotuna da ƙyale-ƙyale yana cin data, data kuwa kuɗi ce. Kamfanin Facebook da kansa sai da ya fito da Facebook Lite a 2015 saboda ƙasashe irin namu.

Aka kwatanta mana abubuwa biyu. A Kenya, kamfanin Safaricom ya fara M-Pesa a 2007, kuma ta karɓu ne saboda tana aiki a kan 'yar ƙaramar waya marar intanet, ga wakilai a unguwanni masu karɓar tsabar kuɗi su kuma bayar. A nan gida, Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da eNaira a watan Oktoba na 2021, da farko sai mai babbar waya da asusun banki ne zai iya amfani da ita, kuma bayan shekara guda masu amfani da ita ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan ƙasa ba. Kun ga ke nan girman mai abu ba ya sa jama'a su karɓe shi. Mu dubi aljihun jama'armu: da yawa daga iyayenmu da 'yan dako da masu gadi ƙaramar waya suke riƙewa. In aka gina abin da ba zai yi musu aiki ba, an raba ƙungiya gida biyu da kuɗinta.

Darasi na biyar: harshe da suna

A nan ne muka ɗaga hannu a taron, domin ciwon namu ne. Fom ɗin intanet kan nemi sunan dangi, mu kuwa da sunan uba ko na gari ake kiranmu. Mutum guda ya zama Muhammadu a takarda ɗaya, Mohammed a wata, Mamman a ta uku. Tun da aka kawo BVN a 2014, aka kuma tilasta haɗa layin waya da lambar NIN daga Disamban 2020, kowa a zauren nan ya san wanda ya sha zirga-zirga saboda harafi ɗaya. Haka nan ranar haihuwa: dattawanmu da dama shekara suka sani, sai a lanƙwasa musu 1 ga Janairu. Ga kuma gurbin jihar asali. Yaron da aka haifi kakansa a Sabo, me zai cika? Tamu manhajar ta ba mutum damar rubuta sunansa yadda yake da laƙabin da aka san shi da shi, ta karɓi shekara ko babu rana, ta raba garin asali da wurin zama.

Sa'an nan a rubuta ta da Hausa, Hausar da muke yi a kasuwa, da haruffanmu masu lanƙwasa, domin kafa daban ƙafa daban. Wanda ya yi allo yana karanta ajami ba jahili ba ne, ga shi nan har a jikin naira 500 da 1000. Wanda kuwa ba ya karatu sam, a sa masa murya ya saurara, tun da kowa ya ga yadda jama'armu suka rungumi saƙon murya a WhatsApp.

Darasi na shida: kada a bar mutum cikin duhu

Ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da tsabar kuɗi ta ɓace kowa ya koma taransifa. Mai saye ya ce ya tura, an ma cire masa, mai kaya ya ce bai ga alat ba. Aka yi ta rigima tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna ciniki lafiya. Masu taron sun ce wajibi ne manhaja ta sanar da mutum halin da ake ciki a kowane mataki: kuɗi sun tafi, suna hanya, ko sun dawo. Mu kuma muka tuna da karatunmu na Islamiyya, cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta rubuta bashi ce da kafa shaidu. Duk wanda ya biya ko naira 100 ce ya samu rasit nan take, kuma ya iya duba abin da ya biya tun daga farkon shekara ba sai ya roƙi ma'aji ba.

Shawararmu ga ƙungiya

Bisa ga wannan, kwamiti yana ba da shawara kamar haka. Kada a biya kuɗin aiki gaba ɗaya, a biya kashi-kashi. Kafin kowane biya, a zaunar da mutum biyar daga cikinmu su gwada: dattijo guda, mace guda, mai ƙaramar waya, mai karatun ajami kaɗai, da matashi. In uku suka kasa biyan kuɗin wata ba tare da taimako ba, a koma a gyara. A rubuta a yarjejeniya cewa sunayen membobi da lambobinsu amana ce ta ƙungiya, ba a sayarwa ba a bayarwa. A rubuta wanda zai riƙa gyara bayan an gama, da ladansa. Littafin ma'aji kuma kada a rufe shi sai manhaja ta shekara tana aiki lami lafiya.

Ku kuma matasanmu masu wannan ilimi, Allah Ya yi muku albarka. Ku fito daga ɗaki ku zauna a rumfunanmu ku ga yadda muke ciniki, ku yi haƙuri da tambayoyinmu. Mu ma iyaye mu saki jiki a gwada da mu, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya jiƙan magabatanmu.